Shekarar da Babanku Ya Faɗa wa Hajiya Inda Ɗanta Yake

Ladi, Markus, da ke Talatu auta, na san kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan babanku. Mutanen Zongo suna cewa direban azzalumai ne. Mutanen cocinmu kuma suna cewa mutumin kirki ne, sai dai ya buɗe bakinsa a inda ya kamata ya yi shiru, ya jefa iyalinsa cikin wahala. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin daga farko ba, domin lokacin da kuke ƙanana ba za ku gane ba, da kuka girma kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu ƙarfina ya ragu, waɗanda suka ga abin da idonsu kusan duk sun tafi. Ga yadda abin ya faru.

Babanku Ishaku haifaffen arewacin ƙasar nan ne, can bakin kogi kusa da iyaka. Ni kuma daga ƙetare ya auro ni, daga wajen Dogon Dutse. Da muka zo Kwatano ba mu san kowa ba, amma muna jin Hausa, don haka Zongo muka nufa. Muka sami ɗaki biyu a gidan Hajiya Safiya, wadda kakanta ya zo garin nan da fataucin goro tun kafin a yi tashar jirgin ruwa. Ita atamfa take sayarwa a babbar kasuwa. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, kuma tun ranar farko ta sani, ta ce ba ruwanta, in dai ba za mu kawo giya da naman alade ba. Da na haifi Ladi ba ni da uwa a kusa, Hajiya ce ta dafa mini ruwan wankan jego har na yi arba'in, ita ta dama mini kunun kanwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya ne, Mamman, dogo mai yawan dariya da gardama. Shi ne na farko a danginsu da ya shiga jami'a. Yana kiran babanku Baba Ishaku, da yamma su zauna a kan benci a ƙofar gida suna musun ƙwallo.

Lokacin mulkin soja ne, ana kiransa juyin juya hali. Babanku ba soja ba ne, direba ne, yana tuƙa wa jandarmomi, 'yan sandan soja, kamiyo, wato babbar motar nan mai tamfol a baya. Ranar Lahadi muna zuwa unguwar Vêdoko, inda mu masu jin Hausa muke da ƙaramar majami'a ta kwano. Fastonmu, Malam Iliya, dattijo ne mai tsoron rigima. Yakan koya mana cewa babu mai hawa mulki sai da yardar Allah, wanda ya yi wa hukuma tsaurin kai da Allah yake yi. Babanku yana son wannan koyarwa. Yakan ce shi nasa sitiyari ne, inda aka ce ya je nan yake zuwa, amsar tambaya a gaban Allah ta masu ba da umarni ce.

Wata shekara ɗalibai suka yi bore, aka kwashe su da yawa, har da Mamman. Hajiya ta rufe rumfarta ta shiga bin ofisoshi. Wani ya ce mata ba su san da shi ba, wani ya ce ta dawo gobe, wani ya ce ta yi hankali kada ita ma a riƙe ta. A cikin makon nan aka aiki babanku arewa. Da ya dawo na ga ya canza. Ya daina zama a bencin ƙofar gida. In an zo cin Jibin Ubangiji a coci, wato gurasar ibada da muke rabawa, sai ya miƙa wa na kusa da shi farantin bai ɗauka ba. Da Babbar Salla ta zo Hajiya ta aiko mana da nama kamar yadda ta saba, ya ce cikinsa ba ya so. Takan tare shi a tsakar gida ta ce tun da yana aiki da hukuma, ya taimaka ya tambaya mata inda aka kai yaron. Sai ya sunkuyar da kai ya ce zai tambaya. Haka muka yi shekaru. Ni na ɗauka kunya ce ke damunsa, ta mai aiki da mutanen da suka kama ɗan gida.

Sai shekarar canji ta zo. Gwamnati ta kasa biyan albashi, malamai suka daina koyarwa, ma'aikata suka cika tituna. Aka kira babban taron ƙasa, ana watsa shi kai tsaye a rediyo. Zongo ta zama kamar gida ɗaya mai rediyo ɗaya. Mai shayi, mahauci, tela, kowa kunnensa na jikin akwati, wanda ya ji Faransanci yana fassara wa wanda bai ji ba. Mutane suka ji ana faɗin abin da a da ko cikin ɗaki ba a iya faɗa. Da aka ce za a saki fursunonin siyasa, Hajiya ta sa aka yi wa ɗakin Mamman fenti, ta sayi sabuwar katifa, ta ba tela shadda ya ɗinka da tsohon awon rigarsa. Kullum da hantsi sai ta ɗauki mayafinta ta tafi tashar mota a Jonquet, ta tsaya tana duban duk wanda ya sauko daga motar arewa. Wasu sun dawo, ramammu, wasu ba haƙora. Ta sami ɗaya daga cikin waɗanda aka kama tare da Mamman. Ya ce mata mota ɗaya aka sa su, an ɗaure musu idanu, a hanya aka tsaya aka sauke Mamman aka ce asibiti za a kai shi, tun daga nan bai sake jin labarinsa ba. Hajiya ta dawo gida da murna. Ta ce in asibiti ne to yana nan, wataƙila hankalinsa ne ya taɓu ya manta hanyar gida. Ta fara shirin bin asibitocin arewa ɗaya bayan ɗaya. Babanku yana tsakar gida yana wanke takalminsa lokacin da take faɗa mini haka. Na ga hannunsa ya tsaya cikin bokiti.

Ranar Lahadin da ta biyo baya aka yi sujadar godiya. Malam Iliya ya buɗe Littafi Mai Tsarki a daidai wurin da ya saba buɗewa zamanin sojoji, ya ce wannan sabuwar hukuma ma Allah ne ya kafa ta, mu yi mata biyayya. Ya ce manya sun yarda a yafe abin da ya wuce don kada a zub da jini, kowa ya binne abin da ya sani. Mutane suka ce amin. Da aka tashi babanku bai tsaya gaisawa ba. Muka kamo hanya a ƙasa, rana tsaka, ku kun yi gaba tare da wata maƙwabciya. Da muka zo wajen layin dogo sai ya tsaya a inuwar wani shago da aka rufe, ya ce:

"Rifkatu, Mamman ba ya asibiti. Ni na tuƙa motar."

Ya ba ni labarin a tsaye, bai dube ni ba. Ya ce tun kafin a loda su an riga an yi wa yaron dukan da ba ya iya tsayuwa. Aka jefa su bayan mota, aka ja tamfol, ga zafin rana. Bayan sun yi nisa sai ya ji murya ta cikin ƙaramar tagar da ke bayan kujerarsa tana cewa, Baba Ishaku, ruwa. Yaron ya gane tarinsa ne ko muryarsa, bai sani ba. Akwai jarkar ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya dubi ajudan, wato babban da ke zaune kusa da shi, ajudan ya ce ya ci gaba da tuƙi. Ya ci gaba. Muryar ta yi ta kira har ta daina. Da suka wuce ƙasar duwatsu aka buga jikin mota daga baya, suka tsaya, aka sauko da Mamman ya riga ya cika. Ajudan ya sa babanku da wani soja suka ɗauki shebur ɗin mota suka haƙa rami a bayan wani dutse, kusa da gonar itatuwa. Ya ce da hannunsa ya gyara wa yaron kwanciya, ya juya fuskarsa gabas kamar yadda ya ga Musulmi suna yi, ajudan yana yi masa tsawa ya yi sauri.

Na tuna duk tuwon da na ci a ɗakin Hajiya cikin shekarun nan.

A makon nan ya je wurin Malam Iliya, na bi shi. Fasto ya saurara har ƙarshe, hawaye na zubo masa. Sannan ya ce babanku bawa ne a ƙarƙashin umarni, Allah ya san haka. Ya ce ya tuba a zuciyarsa ya isa, hukuma ta riga ta rufe maganar. Ya kuma tuna masa cewa mu 'yan kaɗan ne a cikin Zongo, in maganar ta fita ba za a ce direba ya yi ba, za a ce Kirista ya yi. Wannan gaskiya ce, ni ma ita nake tsoro. Babanku ya ce shekara da shekaru yana ɓuya a bayan ayar nan ta biyayya, amma Littafin da ya ce a girmama sarki shi ne kuma ya ba da labarin ungozomomin da sarki ya umarta su kashe jarirai suka ƙi, Allah kuma ya sa musu albarka. Littafin nan ne kuma ya ce jinin wanda aka kashe a daji yana kuka daga ƙasa, ko ba wanda ya gani. Ya ce:

"Malam, waccan gwamnati ta ce in tuƙa, na tuƙa. Wannan ta ce in yi shiru. In na yi, in wata ta zo gobe ta ce wani abu, shi ma in yi? To yaushe zan ji abin da Allah ya ce? Sun yafe abin da ba nasu ba ne. Mamman ba ɗan gwamnati ba ne, ɗan Hajiya ne."

Fasto ya yi mana addu'a, ya roƙe shi ya ƙara jira.

Ban san yadda maganar ta kai kunnen ajudan ba. Wata ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gida. Ya ajiye kaki, yana cikin babbar riga, ya shiga ɗaya daga cikin sababbin jam'iyyu yana neman kujera. Ya gaishe da Hajiya da ladabi har ta sa aka kawo masa ruwa. Ya ja babanku gefe, ya ce masa yanzu dimokuraɗiyya ake yi, kowa yana da 'yancin magana, amma mota ma tana da 'yancin kauce wa hanya. Ya tambayi sunayenku ɗaya bayan ɗaya, da makarantar da kuke zuwa. Bayan tafiyarsa na ce wa babanku mu tattara mu koma arewa, mu bar matar da begenta, tun da gaskiyar ba za ta dawo mata da ɗa ba. Ya ce ta riga ta sayar da rabin kayan rumfarta don tafiyar asibitoci, za ta ƙare rayuwarta tana leƙa fuskokin mahaukata tana neman wanda shi ya san yana ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban kursiyin Allah ya ce ajudan ne ya hana shi sau biyu ba.

Ranar Litinin da safe, bayan kun tafi makaranta, Hajiya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ninke atamfofi. Babanku ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta. Ni ina tsaye a bakin madafa. Ya faɗa mata duka, bai rage ruwan da ya hana ba, bai ɗora wa ajudan fiye da nasa ba. Tana ji tana ci gaba da ninke turmin da ke hannunta, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Da ya gama ta ce:

"Ya kira ka da sunanka?"

Ya ce e.

"Kuma ka dawo gidan nan ka kwana. Kullum ina gaishe ka."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Sai can muka ji kukan. Ban taɓa jin irinsa ba, ba mai ƙarfi ba ne, kamar numfashin wanda aka danne wa ƙirji.

Kafin azahar Zongo ta ɗauka. Samari suka taru a ƙofar gida da sanduna, jifa ya fasa mana taga. Ƙanin Hajiya, Alhaji Sani, mai motocin haya, shi ya tsaya a bakin zaure ya hana su shiga. Bai yi don yana son babanku ba. Ya ce musu in suka kashe shi, wa zai nuna kabarin. Washegari suka tafi arewa a motarsa, shi da babanku da wani malami. Hajiya ta ce sai ta je, aka hana ta. Da suka isa sai suka tarar an faɗaɗa hanyar, an sare itatuwan, an fasa duwatsun wurin an yi tsakuwa da su. Babanku ya yi ta zagaye yana cewa nan ne, a'a can ne. Suka haƙa wurare da dama har hannunsa ya yi jini, ba su sami komai ba. A ƙarshe malamin ya ce a bari. Suka tsaya a gefen hanya suka yi wa Mamman salla ba gawa, manyan motoci suna wucewa suna watsa musu ƙasa. Babanku yana nesa a tsaye. A hanyar dawowa ba wanda ya yi masa magana.

Alhaji Sani ya ba mu zuwa ƙarshen wata mu tashi. Hajiya ta yi zaman makoki, mata suka cika gidan, na shiga in yi gaisuwa ta juya fuskarta ga bango. Wannan ya fi mini jifan ciwo. A wurin aiki aka sallami babanku ba tare da an faɗi dalili ba, ba fansho, ba komai. Ya je wani ofishi da aka ce ana sauraron koke-koken abin da ya faru a da, ya ce ya zo ya ba da shaida a kan kansa da ajudan. Ma'aikacin ya dube shi kamar mai taɓin hankali, ya ce masa ba wanda ya kawo ƙararsa, ya tafi gida ya gode wa Allah. Ajudan ya ci zaɓensa. A coci ba a kore mu ba, amma an sauke babanku daga cikin dattawa, benci kuma ya riƙa yin faɗi a duk inda muka zauna. Wasu 'yan cocin ma sun sha zagi a kasuwa saboda mu, ban ga laifinsu sosai ba.

Muka koma Godomey, ɗaki ɗaya a wurin da ruwa ke kwanciya da damina. Babanku ya karɓi babur haya ya shiga zemijan, wato acaɓa, yana ɗaukar mutane yana da furfura. Ni na fara soya ƙosai a bakin kasuwa. Ladi, a shekarar nan ce kika bar makaranta kina ta ɗaya a ajinku, kin kuma daɗe kina riƙe da shi a zuci, na sani. Ba zan ce miki ba ki da gaskiya ba. Kuɗin gaskiyar babanku ke kika biya wani kashi, ba a kuma tambaye ki ba. Ni ma akwai ranakun da na yi masa gori, in ruwa ya shigo ɗaki muna ɗaga tabarmi.

Kada ku ɗauka ya zama mai gaba da hukuma. Yana biyan haraji, yana sa rigar da aka ce 'yan zemijan su sa, ranar zaɓe shi ne na farko a layi. Yana yi wa shugabanni addu'a da safe. Abin da yake cewa kawai shi ne, gwamnati tana da iko a kan hanya da kasuwa da kurkuku, amma ba ta iya mai da laifi ya zama ba laifi ba, ko ta sa hannu a takarda nawa. Ya koma cin Jibin Ubangiji. Ban ce ya sami kwanciyar rai ba. Har ya mutu ba ya iya jin yaro yana roƙon ruwa bai tashi da sauri ba, ko a gidan wani ne.

Bai sake taka Zongo ba, Hajiya kuma ba ta taɓa aiko da ko gaisuwa ba. Hayaƙin hanya ya cinye masa ƙirji, ya yi jinya wajen damina biyu, ya rasu ranar wata Alhamis da la'asar. Washegari muna zaune da 'yan coci ana shawarar akwati, sai mota ta tsaya a ƙofa. Alhaji Sani ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Bai shigo ba, bai zauna ba. Ya miƙo mini ƙunshi a leda ya ce Hajiya ce ta ce a kawo. Na buɗe, farin yadi ne sabo, irin wanda suke yi wa mamatansu likkafani. Na tambaye shi ko ta ce wani abu. Ya ce cewa ta yi, wannan ta saya ne tun shekarar da aka je arewa, don in an sami ƙasusuwan Mamman, ba a samu ba, ita kuma ba ta son ta mutu ta bar shi a akwati. Na ce, ta yafe masa ke nan? Ya ce shi ma ya tambaye ta, ta ce wannan shari'ar ba a hannunta take ba, akwai mai ita.

Wasu dattawan coci suka ce ba al'adarmu ba ce, a sa masa kwat ɗinsa. Na ce su fita su ba ni wuri. Markus, kai ka riƙe mini kansa, kana tambayata daga ina yadin ya fito, na ce maka daga Zongo, ban ƙara ba. A cikinsa muka naɗe babanku, a cikinsa yake kwance.